Daga fakon Keita zuwa teburin duniya: yadda rahoton masana ke zama yarjejeniya

 Duk ƙarshen shekara kukan ji mun karanto labarin babban taron sauyin yanayi, a ce masana sun yi gargaɗi. To, su wane ne masanan nan, kuma mi ya haɗa takardunsu da gonar gero ta Adar? Tarihin yankinmu ya isa ya ba da amsa.

Mu fara da farin 1968 zuwa 1973, wanda ya ƙarar da dabbobi ya watsa garuruwa. Shi ya sa ƙasashen Sahel sunka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai a 1974, mai tattara lissafin ruwan sama. Shi ne kuma ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taronta na farko kan gurgusowar hamada a Nairobi, a 1977.

Mu nan ba mu tsaya jiran taro ba. Tun 1975, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE sunka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. Da anka auna, sai anka iske geron da ke bayan layukan ya fi na fili bada amfani. A 1984, shekarar yunwar da wasu ke kira El-Buhari, anka yi taron Maradi kan yaƙi da hamada a zamanin Seyni Kountché. A wannan shekara ce furojen Keita ya kama aiki: kuɗi daga Italiya, jagoranci daga FAO, abinci daga PAM. Aikin gina-ka-ci ne, kuma mafi yawan masu ɗaukar dutse mata ne, don maza sun tafi bida. Anka jera duwatsu, anka gina ramukan tare ruwa a kan duwatsu da fako, anka yi madatsun ruwa. Cikin kusan shekara 20, an dasa itace wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000, aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak.

Sai a 1988 anka kafa kwamitin masana yanayi na duniya, wanda muke kira GIEC. Ku lura da yadda yake aiki, don nan zancen yake. Kwamitin ba ya bincike da kansa. Ɗaruruwan masana ne ke karanta dubban binciken da anka riga anka buga, su tace, su faɗi abin da ya tabbata da abin da ke da sauran shakka. Daga nan wakilan gwamnatoci su zauna su bi taƙaitaccen rahoton layi bayan layi. In sun amince, babu wadda za ta dawo ta ce ba ta ji ba.

Haka takarda ke zama alkawari. Rahoton farko na 1990 ya share hanyar yarjejeniyar yanayi ta taron Rio a 1992. A wannan taro ƙasashen Afirka sunka dage sai an yi wata ta musamman kan hamada, anka amince da ita a Paris ran 17 ga Yuni 1994. Rahoton 1995 ya gabaci yarjejeniyar Kyoto ta 1997, na 2014 kuma ya gabaci ta Paris ta 2015.

Tsirrai da namun daji su ma suna da nasu kwamiti, IPBES, tun 2012. A 2019 ya ce kusan nau'in halittu miliyan 1 na cikin haɗarin ɓacewa. Bayan shekara uku, a Montreal, ƙasashe sunka ɗauki alkawarin sa kashi 30 cikin 100 na lalatacciyar ƙasa a hanyar gyara kafin 2030.

Yanzu ku dubi rahoton da GIEC ya fitar kan ƙasar noma a watan Agusta 2019. Cikin magungunan da ya lissafa akwai tare ruwan sama, barin itace cikin gona, da shingen iska. Ai wannan shi ne aikin iyayenmu mata na Keita da manoman Majiya. Sassaben zamani na Maradi da Damagaram ma bai yi suna a duniya ba sai da masu bincike sunka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sunka ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da itace ya dawo. Kun gani ke nan: abin da anka auna anka rubuta, shi ke kai wa ga teburin.

Amma kada mu ruɗi kanmu, rahoto ba ya ɗaukar dutse. A 2009 ƙasashe masu arziki sunka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, lokacin ya zo bai cika ba. A 2022, a Masar, anka amince da asusun biyan ɓarnar sauyin yanayi. Mai neman rabonsa a irin waɗannan asusu sai ya zo da hujja: ruwa nawa ya sauka, gona nawa ambaliya ta cinye, itace nawa ya rayu.

Saboda haka aiki biyu ne a gabanmu. Na farko, riƙon gado. Madatsar da ba a yashewa rairayi ke cika ta, layin itacen da ake sara ba a mayarwa iska ce ke gadonsa. Na biyu, lissafi. Mu tambayi hukumomin garuruwanmu: ina ma'aunin ruwan sama na ƙauyenmu, wa ke rubutawa, ina takardun ke zuwa? Nawa anka ware don gyaran madatsu a kasafin bana?

Ku da kunka yi aikin Keita ko na Majiya da hannunku, ko iyayenku sunka yi, ku faɗa muna halin da wuraren ke ciki yau, za mu karanta a shirinmu. Allah ya ba mu damina mai albarka.