Ƙaguwa, Sankara da Maɓallin Wando

Cuta ɗaya, sunaye uku a bakin Bahaushe: daji, sankara, kansa. Birni da ƙauye sun san daji, wasu su ce jeji. Gidajen rediyo da marubuta sun fi jawo sankara idan za a ambaci gaɓa, sai ka ji sankarar mama, sankarar bakin mahaifa, sankarar jini. Kansa kuwa a asibiti muka tsince ta, kuma ta fi sauran cin hanya kafin ta iso mana.

Asalinta ƙaguwa ce. Likitocin Girka na zamanin Hippocrates, wanda littattafan Larabci ke kira Buƙuraɗu, sun sa wa ƙarin da ba ya warkewa suna *karkinos*, wato ƙaguwa. Jalinusu, da ya zo bayansu da ƙarnuka, ya ce jijiyoyin da ke kumbura a kewayen ƙarin mama ne suka yi kama da ƙafafun ƙaguwa. Rumawa suka fassara da tasu kalmar, *cancer*. Larabawa suka ce *saraɗan*, sunan da masu ilimin taurari suka sani a matsayin buruji na huɗu. Jamusawa suka ce *Krebs*. Duka ƙaguwa. Ingilishi ya ɗauki ta Rumawa bai fassara ba, mu kuma muka karɓa muka lanƙwasa ta yadda harshenmu zai iya. Ashe wanda ya ce kansa a Kano ƙaguwa yake ambata da Latin.

Sankara ba ta haye teku ba. 'Yan goro sun san ta tun kafin a gina asibiti: ita ce ɓarnar da ke shiga goro ta cinye shi, a fasa a tarar da ciki ya lalace. Girkawa siffar waje suka duba, mai cewa sankara kuma ɓarnar ciki ya duba, kuma a ganina ya fi kusa da gaskiyar cutar.

Daji fa? A kunne yana da nauyi, abin da ya fi ƙarfin gida, wanda ba a san iyakarsa ba. Matsalarsa faɗi. A bakin jama'a kusan duk kumburin da ya ƙi sacewa da duk gyambon da ya ƙi warkewa daji ne. Likita ba zai iya aiki da suna mai wannan faɗin ba. Shi a wurinsa akwai ƙari, wato tsiron nama, kuma ba kowane ƙari ne sankara ba. Wani ƙarin zai zauna inda ya tsiro shekara da shekaru bai taɓa maƙwabcinsa ba. Wanda ake tsoro shi ne mai kutsawa cikin naman da ke kusa da shi, mai tashi kuma ya je nesa.

Wannan tashin shi ake kira *metastasis*. Kalmar Girkanci ce mai gaɓa biyu: *meta*, sauyi, da *stasis*, tsayuwa. Sauya matsaya ke nan. Likitan Faransa Joseph Récamier ne ya ɗora ta a kan sankara a 1829.

Da Hausa mukan ce ta yaɗu, ko ta bazu. Yaɗuwa ba ta cika ba, domin abin da ya yaɗu yakan bi ta gefe ne a hankali, alhali wannan tsallake take yi, daga hanji sai ta bayyana a hanta, tsakani kuwa lafiya lau. Ƙaura ma ba ta cika ba, domin mai ƙaura yakan bar tsohon gida, ita kuwa tana nan a inda ta fara. Likitocin Larabawa suna cewa *naƙila*, daga saiwar da ta ba mu naƙalta. Wannan ta burge ni ƙwarai. Wanda ya naƙalto karatu bai raba malaminsa da shi ba, kuma abin da ya ɗauko iri ɗaya ne da na asali.

Daga nan ƙa'idar sanya suna ta fito, kuma ita ce abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Sankarar mama da ta je huhu ba ta zama sankarar huhu ba. Sunanta sankarar mama a huhu, maganinta kuma na mama ne. Bakano ya shekara talatin a zangon Kumasi, har yanzu Bakano ake ce masa, kuma da ya buɗe baki za a gane. Haka ƙwayoyin cutar suke a ƙarƙashin madubin likita, kamannin gidansu na fari ba ya barinsu.

Me ya sa wata sankarar ke son hanta, wata ƙashi, wata ƙwaƙwalwa? A 1889 Stephen Paget, likitan fiɗa a Landan, ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ga ba da ka take zaɓen masauki ba. Ya ce lamarin na iri ne da ƙasa: iri zai watsu ko'ina, amma inda ƙasa ta karɓe shi kaɗai zai tsiro. James Ewing a Amurka ya zo a 1928 ya ce hanyar jini ce ke yanke hukunci, inda jini ya fara zubewa nan ƙwayoyin ke maƙalewa. Yau an yarda kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Jinin hanji hanta yake fara shiga, shi ya sa sankarar hanji ke yawan sauka a can. Amma hanyar jini kaɗai ba ta bayyana masaukan ban mamaki ba, kuma a kansu ne sunaye masu daɗin bibiya suka taru.

Ɗauki cibiya. A asibitin St. Marys da ke Rochester a jihar Minnesota akwai wata mai hidimar coci, Julia Dempsey, wadda aka sani da Sister Mary Joseph. Ita ce ke taimaka wa William Mayo a ɗakin tiyata, ita ke wanke cikin majiyyaci kafin a yanka. Hannunta ne ya lura cewa idan akwai wani ƙullutu mai tauri a cibiya, sau da yawa da an buɗe ciki sai a tarar da sankarar da ta yi nisa. Mayo ya rubuta a kan abin a 1928, ya kira shi cibiya mai maɓallin wando. Sunan ya yi daidai da siffar, amma ya bar mai gani a waje. Ta rasu a 1939. Sai a 1949 likitan Ingila Hamilton Bailey ya sa wa ƙullutun sunanta a littafinsa, kuma shi ne ya zauna. Na ji daɗin yadda ta ƙare, domin sunayen da ke cikin littattafan likitanci kusan duk na maza ne masu digiri.

A wajenmu wannan alama tana da saurin ɓacewa. Mun saba ganin yara masu ƙaton cibi, mai laushi, wanda ake dannawa ya koma, don haka cibiya ba ta tayar mana da hankali. Wancan daban ne: sabo ne, a jikin babba, da tauri, ba ya komawa, wani lokaci har yana tsattsafo da ruwa. Tushensa yakan kasance a tumbi, ko hanji, ko ƙwan mace.

Sai kaluluwar gindin wuya ta hagu, a ɗan ramin da ke saman ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa. Mu kaluluwa mun san ta da zafi, ta fito saboda miki, ta sace idan ya warke. Wannan ba ta zafi kuma ba ta sacewa. Babbar hanyar da ke kwaso ruwan kaluluwa daga ciki a nan take zubewa cikin jini, sai ƙwayoyin sankarar tumbi su biyo ta su tsaya a bakin ƙofa. Rudolf Virchow na Jamus ya bayyana ta a 1848, Charles-Émile Troisier na Faransa ya ƙara bayani a 1889. Ɗalibin likita a Zariya zai ce kaluluwar Virchow, takwaransa a Yamai ya ce ta Troisier. Wuya ɗaya suke shafawa, iyakar da Turawa suka shata ce ta raba musu suna.

Wani sunan kuma kuskure ya adana. A 1896 Friedrich Krukenberg ya bayyana wani ƙari na ƙwan mace, yana ganin a nan ya tsiro. Bayan 'yan shekaru aka gane baƙo ne, galibi daga tumbi. Sunan Krukenberg bai motsa ba, ma'anarsa ce ta juya. Abin da ke tona asirin baƙon shi ne siffar ƙwayoyinsa: yauƙi ya cika ƙwayar ya ture cibiyarta gefe guda, sai ta yi kama da zobe mai kai. Ana ce musu ƙwayoyi masu siffar zoben hatimi. A Larabci *khatam* zobe ne kuma hatimi ne, domin da zobe ake buga hatimi. Mu muka ari kalmar muka bar zoben, ga shi madubin likita ya sake haɗa su. Amfanin sanin wannan a aikace yake. Likitan da ya cire irin wannan ƙwan bai zura na'ura ya leƙa tumbi ba ya bar tushen cutar a baya.

Haka Siegfried Oberndorfer a 1907 ya ga wasu ƙananan ƙari a hanji ya ce musu *karzinoide*, masu kama da sankara, don yana zaton ba sa tafiya. Suna tafiya, har hanta, a hankali dai. Shi da kansa ya gyara maganarsa daga baya, amma sunan ya riga ya shiga littattafai.

Akwai masaukan da ko sunan mutum ba su samu ba. Sankarar huhu takan sauka a kan ɗan yatsa, ya kumbura ya yi ja, a ɗauka ɗan karkare ne a yi ta matsa. Ta ƙoda kuma takan yi shiru fiye da shekara goma bayan an cire ƙodar, sannan ta bayyana a wuya kamar maƙoƙo. Wani lokaci a ga baƙon a rasa gidansa duk da bincike, sai a rubuta sankara marar sanannen tushe. Ko wannan suna ne, kuma suna ne na gaskiya.

To, kalmar "ba kasafai ba" da akan ɗora wa wasu ire-iren sankara fa? A Turai sankarar da ke kama ƙasa da mutum 6 cikin 100,000 a shekara ita ce ba kasafai ba. Cibiyar sankara ta Amurka ta ce ƙasa da 15. Idan aka tara ire-irensu duka sun haura kashi ɗaya cikin biyar na sankarar da ake ganowa a Turai. Kuma ba kasafai ba a ina? A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan Ailan da ke aiki a asibitin Mulago a Kamfala, ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara. A Turai baƙo ne. A yankin Afirka mai zazzaɓin cizon sauro, har da Najeriya, yana cikin sankarar yara da aka fi gani. Burkitt ya kira shi *sarcoma*, daga kalmar Girkanci ta nama, daga baya aka gane na ƙwayoyin kaluluwa ne. Daga samfurinsa aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Su uku suka gano ta, amma na ukun, Bert Achong ɗan Tirinidad, bai shiga sunan ba. Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru, da ya yi aiki a Badun, yana cikin waɗanda suka nuna magani na narkar da wannan ƙari, ya kuma samu kyautar Lasker a 1972. Likitocin fiɗa ne suka yi ta fama da shi, amma ba wuƙa ce maganinsa ba.

Suna ke nan ke yanke hukuncin wuƙa. Shi kuma sunan ba ya samuwa sai an ɗebi ɗan nama an duba. Likitan fata na Faransa Ernest Besnier ya ƙirƙiro wa wannan aiki kalmar *biopsie* a 1879, daga rai da gani: duba naman mai rai, ba sai an jira gawa ba. A yanka shi siriri, a rina shi da sinadarai, rinin ya nuna ko daga mama ya fito, ko hanji, ko ƙoda.

Nan muke karo da maganar da kowa ya taɓa ji: daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Na fahimci inda ta samo ƙarfi. Mutum ya zo asibiti bayan cuta ta gama jiki, a taɓa shi, ya rasu bayan wata biyu, dangi su ɗora wa wuƙa. Amma jinkirin ne ya kashe shi. Ƙwayoyi su bi sawun allura abu ne mai wuyar faruwa, likitoci sun san da shi, suna kuma tsara aikinsu don kauce masa. Wanda ya ƙi allurar ya ƙi sanin sunan cutarsa, kuma da "daji" kawai ba mai iya zaɓa masa tsakanin tiyata, ƙarin ruwan magani da gashi.

Tiyata ma, a tuna, daga *theatre* take, wurin kallo, saboda a da ɗalibai kan zauna a kewaye suna kallon aikin. Faransanci ya ce *chirurgie*, aikin hannu da Girkanci. Mu ma ai "an yi masa aiki" muke cewa.

Kuma aikin ya faɗaɗa. Da, da an ce ta yaɗu an rufe zancen wuƙa. A 1995 Samuel Hellman da Ralph Weichselbaum suka kawo kalmar *oligometastasis*, wato tashi kaɗan, inda masaukan ba su wuce 'yan ƙalilan ba. Sankarar hanji da ta sauka wuri ɗaya ko biyu a hanta ana iya yanke ɓangaren, hanta ta sake tofowa, wasu majiyyatan su warke sarai. Ba kowa ke dacewa da wannan ba, amma "ta yaɗu" ta daina zama magana ɗaya tilo.

Don haka idan an ce ɗan'uwanka yana da daji, kada ka tashi daga gaban likita sai ka yi tambaya uku: mene ne cikakken sunanta, daga wace gaɓa ta faro, ina da ina ta sauka? A rubuta maka a takarda. Idan an taɓa yi masa aiki, ko shekara ashirin ne baya, ka faɗa, ka kuma nemo tsohuwar takardar gwajin naman ka tafi da ita.