Rinin Zane da Maka a Kan Ƙarfe

A wannan makon mun leƙa wurin masu sassaƙa ƙarfe da inji ne, inda har yau ake musu a kan abin da ya dace a shafa wa ƙarfe kafin a zana masa layin yanka: rini ko maka.

Matsalar tsohuwa ce. Gogaggen ƙarfe sheƙi yake yi, in aka ja masa layi da tsinken ƙarfe da ƙyar ido ke gani, alhali rami ɗaya da ya kauce da rabin milimita na iya sa a watsar da aikin yini guda. Ma'aikatan ƙarni na 19 a Ingila da Amurka sukan shafa alli a kan ƙarfen zubi mai kaushi. Mai santsi kuwa sai su shafa masa ruwan kofa salfet, wani shuɗin gishiri wanda da zarar ya taɓa baƙin ƙarfe yake bar masa siririyar fatar jan ƙarfe, a ja tsinke layi ya fito fes. Sai dai ba ya kama tagulla. Rinin zane ne ya toshe wannan giɓi a ƙarni na 20: launi ne da aka narka cikin sifirit, yana bushewa cikin 'yan mintuna, kuma kusan kowane ƙarfe yana kamawa. Wanda ya fi suna shi ne Dykem na Amurka.

A nan mu yi hattara, domin shuɗin iri biyu ne, ana yawan cakuɗa su a rubutu. Ɗayan, shuɗin Farusiya, wani mai haɗa launi, Diesbach, ya gano shi a Balin wajen 1706. In aka kwaɓa shi da mai ba ya bushewa, kuma ba don zane ake shafa shi ba. A 1840 Joseph Whitworth ya bayyana a Gilasgo yadda ake samun shimfiɗar ƙarfe marar tudu: a shafa launi mai maiƙo, a goga faranti uku da juna bi da bi, duk inda launin ya manne a kankare. Wannan aikin ne shuɗin Farusiya ya gada.

Maka baƙuwa ce a wannan sana'a. Sidney Rosenthal ya fito da Magic Marker a 1953, kamfanin Sanford kuma ya fito da Sharpie a 1964, duk ba don maƙera ba. Amma tana shiga aljihu, ba ta zubewa, ba ta rina yatsu, sai ta samu gindin zama.

A ganinmu masu musun nan sukan manta da abu guda: layin awo tsinke ne ke jan sa, launi kawai yana fito da shi ne. Layin maka ya kai faɗin milimita guda, wanda ya yanka a kansa bai san ko gefe zai bi ko tsakiya ba. Shi ya sa gwani yake cike wurin da makar tukuna, sannan ya ja tsinke a ciki, wato ya mai da ita rini. A ƙaramin aiki hakan ya wadatar. A babban faranti kuwa takan yi dabbare-dabbare, bakinta ya mutu in ya haɗu da maiƙo, ruwan sanyaya inji kuma ya fi saurin wanke ta tun ba a kai rabin yankan ba.