Tarihin Shokozobar Gaban Babur: Daga Mashin ɗin Katako Zuwa Hanyar Kebbe



Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Tambuwal da ƙauyukan Kebbe ya kawo mini wayarsa, kyamarar tana ta rawa, ta ƙi tsayar da hoto. Na tambaye shi ko ta faɗi, ya ce ko sau ɗaya, sai dai kullum a maƙale take a kan babur. Nan na gane bakin zaren. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi mutane cewa jijjigar injin manyan babura tana iya lalata abin da ke daidaita kyamarar iPhone. To ina ga an haɗa jijjigar inji da gargada? Da na leƙa babur ɗinsa sai na tarar mai yana tsiyaya daga ƙarfe ɗaya na gaba, ƙura ta manne masa har ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka. Na ce yaushe rabonka da canza man shoka? Ya yi dariya ya ce dama ana canzawa?

Shi ya sa yau na kawo maka tarihin ƙarafan nan guda biyu da ke riƙe da tayar gaba, yadda 'yan tsere suke saita su, da abin da kai ma za ka iya yi wa naka.

BABUR NA FARKO BA SHI DA SHOKA

A 1885 wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ƙera mashin mai amfani da fetur wanda ake ɗauka a matsayin kakan babura. Jikinsa katako ne, tayoyinsa ma katako ne da aka zagaye da ƙarfe kamar na amalanke. Duk dutsen da ya taka, kai tsaye a ƙugun mahayi yake sauka. A 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich ya fara ƙera babur da yawa don sayarwa, shi kuma ya zo da taya mai iska. Iskar tayar nan ita kaɗai ce ke rage wa mahayi azaba.

Da injuna suka ƙara gudu sai aka ga ba za ta yiwu a haka ba. Aka fara sa sifirin a gaba. Harley-Davidson na Amurka ya sa nasa a 1907, Turawan Ingila kuma suka daɗe suna amfani da wani fok mai sanduna da mahaɗai, da sifirin a tsakiya. An samu sauƙi, amma sifirin yana da hali ɗaya: idan ka danne shi sai ya rama. Ka faɗa rami sau ɗaya, babur ya yi ta tsalle da kai kamar jakin da ya ga kura. Tayar da ke tsalle kuwa ba ta riƙe ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa, birki ba ya aiki a kanta.

SHEKARAR DA AKA ZUBA MAI

Dabarar zura bututu cikin bututu ta fara bayyana a baburan Scott na Ingila a 1908, sannan kamfanin Nimbus na Denmark ya fito da irin nasa a 1934. Amma shekarar da ya kamata ka riƙe ita ce 1935, lokacin da BMW ya fito da R12 da R17, masu bututun da aka zuba wa mai a ciki don ya ladabtar da sifirin.

Ga yadda abin yake. Ka ɗauki sirinji ka zuƙi ruwa, ka danna da sauri, za ka ji tana turjewa saboda ƙofar ƙarama ce. Ka zuƙi zuma, turjiyar ta ninka. Haka cikin shoka yake: idan taya ta daki rami, mai yana kutsawa ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, wannan kutsen ne ke shanye ƙarfin dukan. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, mai kuma shi ke hana sifirin hauka. Idan ka gane wannan, sauran bayanin duk mai sauƙi ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan tsari ya mamaye duniya, har Harley ya koma kansa a 1949. Wasu sun ɗan jima da tsohon salo. Honda Super Cub na 1958, kakan baburan da muke kira roba-roba, ya zo ne da ɗan guntun hannu mai lilo a ƙasan fok, kuma bai hana shi kasuwa ba, don a 2017 an cika guda miliyan 100 da ƙera shi.

'YAN TSEREN DAJI

Waɗanda suka fi kowa tura wannan fasaha gaba su ne masu tseren babur a kan ƙasa, wanda ake kira motokuros. An fara shi a garin Camberley na Ingila a 1924, a 1947 aka yi gasar ƙasashe ta farko a Holan, a 1957 kuma ta zama gasar duniya. Filin nasu ramuka ne da tudu da laka da yashi, kai ka ce hanyar ƙauye ce a tsakiyar Agusta, sai dai su da gangan suke shiga, kuma a guje.

A 1970 ɗan Beljiyam Joël Robert ya ci gasar duniya a kan Suzuki, karon farko ke nan da babur ɗin Japan ya yi haka. A 1973 Håkan Andersson na Suwidin ya ci a kan Yamaha mai shoka guda ɗaya doguwa a baya. Daga nan kowane kamfani ya shiga rige-rigen tsawaita tafiyar shoka. A farkon shekarun 1970 shokar gaba ba ta nutsewa fiye da santimita 15 zuwa 18, amma kafin shekarun su ƙare ta kai kusan 30, kuma a nan take har yau. A shekarun 1980 aka juya ta, bututu mai kauri ya koma sama don kada ya lanƙwashe idan an diro daga tsalle, sannan aka sa wasu siraran faifan ƙarfe a ciki masu buɗe wa mai hanya gwargwadon ƙarfin duka. Manyan sunaye a wannan fage su ne Showa da KYB na Japan, WP da aka kafa a Holan, da Öhlins da aka kafa a Suwidin a 1976.

Maƙwabtanmu ma suna cikin tarihin. A ranar 26 ga Disamba 1978 aka tashi tseren farko daga Faris zuwa Dakar, ya ratsa Aljeriya, ya shigo Nijar ta Agadas, ya wuce Mali. Wani matashi Bafaranshe, Cyril Neveu, ya yi nasara a kan Yamaha XT500. Hamadar Tenere ta Nijar ta yi suna a tseren nan har Yamaha ya raɗa wa babur ɗinsa sunanta a 1983, kuma har gobe ana ƙera Yamaha Ténéré.

YADDA ABIN YA ISO MANA

Tambayi dattawan unguwarku labarin kuɗin Udoji na 1974, za su gaya maka yadda ma'aikata suka yi ta sayen Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha. A lokacin babur abin ƙawa ne na malamin makaranta da ma'aikacin gona. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 shi ya mai da shi hanyar neman abinci: kabu-kabu a Sakkwato, acaɓa a Kano, okada a kudu. Daga baya Jincheng na ƙasar Sin ya karya farashi, sannan Bajaj Boxer da TVS na Indiya suka zo suka cika tasha.

A wurinmu nan, da zarar ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, ka nufi ƙauyukan cikin lungu, babur shi ne komai. Shi ke kai gero kasuwa, shi ke kai ɗalibi jarrabawa, shi ke ɗauko mai naƙuda da tsakar dare. To shokar da ke gaban Boxer ɗin nan jikar ta 1935 ce: bututu biyu, sifirin da mai, tafiyarta wajen santimita 12, ba ta da wurin murɗawa. Wato muna bin hanya irin ta 'yan motokuros da ƙasa da rabin abin da suke da shi, ga fasinja biyu da buhu. Shi ya sa ɗan abin da muke da shi ya kamata a kula da shi.

YADDA 'YAN TSERE KE SAITAWA

Abu uku suke dubawa. Na farko, nawa babur yake zama idan mahayi ya hau. Idan ya nutse da yawa, sifirin ya yi masa laushi, sai a canza. Na biyu, saurin nutsewa idan an daki abu. Na uku, saurin dawowa. Biyun nan kowanne yana da ɗan sukuru, ɗaya a saman shoka ɗaya a ƙasa, yana yin ƙas-ƙas idan ana murɗawa. Murɗawa ciki tana matse hanyar mai, waje kuma tana buɗewa.

Ƙa'idarsu ita ce a murɗa ciki a hankali har ya tsaya, a ƙirga ƙas nawa aka dawo, a rubuta. Sai a canza abu ɗaya kawai, ƙas biyu, a zagaya fili, a dawo a sake. Idan shoka tana dukan ƙarshenta, a ƙara matse nutsewa. Idan kan babur yana tunkuɗowa sama bayan rami, dawowa ta yi sauri. Idan kuma aka matse dawowa da yawa, a gargada shoka ba ta samun damar miƙewa kafin duka na gaba, sai ta yi ta gajercewa har hannu ya mutu. A yashi sukan ƙara tauri don kada gaba ya nutse, a busasshiyar ƙasa mai tsakuwa su sassauta. Sannan kafin hawa sukan ɗaga tayar gaba su kwance wani ɗan sukuru a sama don iskar da ta taru ta fita.

ABIN DA ZA KA YI WA NAKA

1. Kama birkin gaba, ka danna kan babur da ƙarfi ka saki. Ya kamata ya dawo sau ɗaya ya tsaya. Idan ya yi ta lilo ko ka ji ƙarar ƙarfe, mai ya ƙare ko ya mutu.

2. Ɗaga robar kariya ka shafa bututun. Idan ka ga mai, oyil sil ya tafi ko yashi ya shiga ƙarƙashinsa. Kada ka bar shi, musamman idan birkinka na faifai ne, don man yana gangarowa ya jiƙa shi.

3. Idan bututunka a buɗe yake, ɗaura masa igiyar roba mai zugewa irin ta masu wayarin, ka tura ta ƙasa, ka yi tafiyarka. Inda ta tsaya shi ne iyakar nutsewar shokarka. Idan kullum tana can ƙurya, ko kaya sun yi yawa, ko mai ya yi kaɗan, ko sifirin ya gaji.

4. In za a canza mai, tsaya a kan bakanike. A wanke ciki, a zuba man shoka sabo, a auna da sirinji ko kofin awo daidai da abin da littafin babur ya ce, ɓangare biyun su zo ɗaya. Tsohon baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe, zai ci maka sil da bututu. Cikawa fal kuma kuskure ne, don iskar da aka bari a sama ita ma aiki take yi. Idan babu ita shoka ta zama sanda, sil ya fashe.

5. Bututun da ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci shi, canza shi ya fi. Sabon sil ba ya daɗewa a kansa.

6. Idan ka tara buhuna a can ƙarshen kariya, gaba yana yin sama, kan babur ya yi ta kaɗawa a yashi. Matso da nauyi kusa da kai.

7. Ɗauki hoton mitar tafiya ranar da aka canza mai, ka sa wa wayarka tunatarwa. A ƙurar hunturu da lakar damina irin tamu, ko sau ɗaya a shekara ka duba.

Shi mutumin nawa, kyamararsa sai da aka sa sabuwa, kuma kuɗinta ya fi na sil biyu da man shoka nesa ba kusa ba. Yanzu wayar a aljihu take zama. Da ya dawo ya ce mini ciwon kafaɗar da yake kwana da shi ma ya ragu.

Idan kana da ɗan uwa mai kabu-kabu, karanta masa wannan, ku je tare ku yi gwaji na farko, minti ɗaya bai cika ba. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai kowa gida lafiya.