Yaron da Ya Yi Kunnen Doki da Gwani

Kowa ya zauna a gindin bishiya a Boɗinga ko Shagari ya san dara, mai gurabu 30 da 'ya'ya 12 a hannun kowane mutum. To, akwai wata 'yar'uwarta da Larabawa ke kira shaɗaranji. Asalinta daga Indiya ne, ta bi ta Farisa ta shiga hannun Larabawa, su kuma suka kai ta Andalus. Gidajenta 64 ne, farare da baƙaƙe, kowa da mayaƙa 16, har da sarki da dawaki da giwaye da dakaru. Wanda ya ritsa sarkin wani ya ci. In kuwa an kasa, sai a ce kunnen doki.

A watan Maris na 2004 aka yi gasa a Rekyabik, babban birnin Aisilan. Aka haɗa Garry Kasparov, mutumin Rasha, da wani yaro ɗan Norwe mai suna Magnus Carlsen. Kasparov yana da shekara 40, ya riƙe sarautar wasan ta duniya daga 1985 zuwa 2000, kuma a lokacin ba wanda ya kai shi daraja. Yaron kuwa shekararsa 13. Sharaɗin gasar shi ne a kara sau biyu, wanda aka rinjaya ya koma gida.

Da aka soma, sai yaron ya matsa wa gwani lamba har ya fi shi da dakare ɗaya. Kasparov ya ga abin ya ƙazanta, sai ya shiga musayar mayaƙa, har giwa ɗaiɗai ta rage musu, ɗaya tana bin fararen gidaje, ɗaya baƙaƙe. Irin waɗannan giwaye ba su taɓa gamuwa, saboda haka dakaren ya rasa hanyar wucewa. Aka tashi kunnen doki. A karo na biyu Kasparov ya ci, aka fitar da yaron.

Wannan kunnen doki rabi-rabi aka rubuta musu, amma ga babban tsira ce, ga ƙaramin kuwa shaida ce. A 2013 Carlsen ya ci sarautar duniya a Indiya, ya riƙe ta har 2023. Ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido.