Asali: Ma'anarsa da Yadda Katsinawa Ke Amfani da Shi

Kalmar "asali" aro ce daga Larabci, inda take nufin saiwa ko tushen abu. Da ta shigo Hausa sai ta tarar da "tushe" da "tsatso" da "iri", ta zauna tare da su, har ta fi su yawo a bakin jama'a. A kasuwa, in an ce asalin zuma, ana nufin wadda ba a gauraya ba. A zaure, in dattijo ya ce asalin magana, to zai koma mafarinta ke nan. Amma inda kalmar ta fi nauyi shi ne in an ɗora ta a kan mutum. A birnin Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a ba da aure sai an binciki asali, kuma babu zagin da ya fi "marar asali" ciwo. Sau da yawa abin da ake bincika shi ne sana'ar gidan, ko fawa ce ko roƙo ko wanzanci, ko kuwa akwai bauta a kakanni.

To, tambayata ita ce, wane ne ɗan asalin Katsina? Bari mu duba gidan sarauta. Tarihin baka ya ce Durɓawa suka fara mulki, har Muhammadu Korau ya zo daga 'Yandoto ya ka da Sanau, ya kafa sabon gida a ƙarni na 15. Wajen 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci birnin da tutar jihadi, sarauta ta koma hannun Dallazawa, tsohon gidan kuwa ya ƙare a Maraɗi, inda ake da Sarkin Katsinan Maraɗi. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero, suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa. Gida huɗu ke nan, kowane da tushensa daban, amma fadar nan sunanta Gidan Korau.

Haka abin yake wajen malamai. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, tsatsonsa na Barno ne, ga shi kuwa unguwar Masanawa da shi take alfahari. Wangarawa ma daga yamma suka zo da fatauci da karatu. Wato Katsina gari ne da baƙo ke zama, jikansa ya wayi gari Bakatsine.

Abin dubawa shi ne yadda kalmar ta shiga ofis. Tun da tsarin mulkin 1979 ya kawo rabon muƙamai tsakanin jihohi, aka kuma ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin gurbin karatu da aikin gwamnati. Da wannan ma'auni, jikan Korau da ke Maraɗi baƙo ne, domin ɗan wata ƙasa ne.

Ni dai a ganina, sanin asali abu ne mai kyau, yana riƙe zumunci, yana sa yaro ya ji kunyar ɓata sunan gidansu. Amma in za a hana mutum aure ko aiki da shi, ya kamata mu ɗalibai mu tuna wa jama'a cewa manyan gidajen birnin nan ma zuwa suka yi. Allah Ya sa mu gane.