Daga Babila zuwa Kasuwar Guro: doguwar tafiyar dorome

Ga abin da muka kawo a filinmu na tarihi na wannan mako, saboda wanda bai samu sauraro ba, da wanda ya ji amma hayaniyar kasuwa ta hana shi riƙe sunaye.

Idan ka taɓa shiga Kasuwar Guro ta Ajame da sassafe, lokacin da motoci ke sauke doya da agade da tumatir, ka san lissafin can ba irin na makaranta ba ne. Ka tambayi kashin attaruhu, mai kaya ta ce maka "mugan", wato ashirin da Julanci. Baƙo sai ya ɗauka sefa 20 take nufi, alhali sefa 100 ce. Ashirin ɗin ta dorome ce, dorome ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ɗan'uwanmu mai albasar Galmi da ke gefe ba ya ko ɗaga kai, don shi ma haka yake ƙirga nasa: dala ashirin. Daga Ajame har Tireshbil haka ake ciniki kullum. To ni dai sai da na yi shekaru ina jin kalmar nan kafin na tambayi kaina daga ina ta fito. Da na bi sawunta, sai ta kai ni wata daula da ta rushe fiye da shekara 2,000 da suka wuce, can a nahiyar Asiya.

Dorome ta Julanci daga dirhami ta Larabci take, haka ma derem da Wolofawan Senegal ke faɗa. Dirhami kuma asalinta dirakma, kuɗin azurfar Girkawa. A harshensu kalmar tana nufin cikin hannu. Kafin su fara buga tsaba, da 'yan sandunan ƙarfe suke ciniki, guda shida ke cika hannu, shi ne dirakma ɗaya. Abin sha'awa, kakannin matan Guro da suka kafa kasuwar nan su ma da sandunan ƙarfe ake sayen goro a wurinsu, ana kiran su sombe. Ka ga ke nan dabarar ba ta wata al'umma ɗaya ba ce.

To ta yaya kuɗin Girka ya bar gida? Iskandar sarkin Masedoniya ne ya fita da shi. Maganar ko shi ne Zulƙarnaini ko ba shi ba, wannan mun bar wa malamai. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne ya ci daular Farisa, ya buɗe taskokinta, aka narkar da azurfa aka buga kuɗi a kan ma'aunin birnin Atina: dirakma ɗaya giram 4 da 'yan kai, babbar tsaba mai dirakma huɗu kuma wajen giram 17. Ya rasu a Babila a shekara ta 323 kafin Miladiyya ba tare da magaji mai ƙarfi ba, sai sarakunan yaƙinsa suka hau rabon gado da takobi.

Wanda ya kwashi kaso mafi girma shi ne Salukas. Ya kama Babila a 312, daga wannan shekara ma daularsa ta riƙa ƙirga kalandarta. Mulkinsa ya miƙe daga gaɓar Bahar Rum har ƙasar da muke kira Afganistan yau. A gabas ya yi sulhu da sarkin Indiya Candiragubta, ya sakar masa yankuna, shi kuma ya ba shi giwayen yaƙi 500 kamar yadda marubutan dā suka kawo. Da giwayen nan aka ci yaƙin Ibsus a 301. Ya gina Salukiya a bakin kogin Dijla, ya gina Antakiya, wadda har yau tana nan a Turkiyya.

Yanzu ka yi tunani, mai karatu. Ƙasa mai faɗin nan, harsuna barkatai, babu rediyo babu jarida. Ta yaya talaka a Balkh zai san wa ke mulki? Ta kuɗin da ke hannunsa. Salukas ya sa hoton giwa a kan wasu tsabobinsa, da ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa wadda ta zama tambarin gidansa. Ɗansa Antiyokas na Ɗaya ya sa fuskarsa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma Afolo, abin bautarsu, da sunan sarki a rubutun Girka. Da kuɗin ake biyan soja, da shi ake karɓar haraji. Duk inda tsabar ta shiga, sanarwar sarki ta shiga.

Shi ya sa idan mulki ya fara tsagewa, a jikin kuɗi ake fara gani. Wajen shekara ta 250 kafin Miladiyya, gwamnan Baktiriya, arewacin Afganistan ke nan, mai suna Diyodotas, ya so ɓallewa. Bai fito ya yi shela ba. Da farko ya cire fuskar sarki daga kuɗi ya sa tasa, amma ya bar sunan Antiyokas a rubuce. Da aka ga babu wanda ya zo da yaƙi, sai sunan ma ya sauya, aka rubuta Sarki Diyodotas. Littattafan dā ba su ba wannan labari fiye da 'yan layuka ba. Masana sun gano matakansa ne ta jera tsabobi, wannan bayan wannan. Akwai ma sarakunan Girkawa na Baktiriya da Indiya da dama waɗanda ba don kuɗinsu ba da ko sunansu ba a sani ba. Ɗaya daga cikin manyansu, Yukaratidis, ya buga tsabar zinariya mai nauyin giram 169, babu irinta a duk abin da ya zo mana daga wancan zamani. Tana ajiye a birnin Paris.

Shekara da shekaru ana ganin kuɗi amma ba a ga garin da aka buga su ba. Sai a 1961 sarkin Afganistan Zahir Shah ya fita farauta kusa da mahaɗar kogin Amu Darya da Kokca, ya ga sassaƙaƙƙun duwatsu a wani wuri da ake kira Ai-Kanum. Masu binciken kufai daga Faransa, ƙarƙashin Paul Bernard, suka yi ta haƙa daga tsakiyar shekarun 1960 har 1978. Suka tono birni sukutum: fada, baitulmali, dandalin wasan kwaikwayo, filin motsa jiki, da rubuce-rubucen Girka a jikin dutse. An kafa shi a farkon zamanin Salukiyawa, an watse daga cikinsa wajen 145 kafin Miladiyya. Da yaƙi ya ɓarke a Afganistan aikin ya tsaya, masu neman abin sayarwa suka shiga da diga da shebur, suka bar wurin rami-rami. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita daular Salukiyawa ta ci gaba da zaizayewa. Rumawa sun karya Antiyokas na Uku a Magnesiya, suka ɗora masa tara mai nauyi a yarjejeniyar 188. Daga gabas Fartiyawa, mahaya dawakin Iran, suka kama Salukiya a 141. Abin da ya rage a Sham, Janar Fombi na Rum ya shafe shi a 64 kafin Miladiyya. Sarauta ta ƙare, amma dirakma ba ta bi ta kabari ba. Fartiyawa sun tarar mutane sun saba da ita, sai suka ci gaba da buga ta, har da rubutun Girka. Da Sasaniyawa, gidan su Kisra, suka karɓe mulki a 224 Miladiyya, su ma suka riƙe ta, suka mai da ita faffaɗa mai sirara suna ce mata diram. Ita Larabawa suka sani a fataucinsu tun kafin Musulunci, jam'inta ma ya zo a Suratu Yusuf.

Bayan Musulmi sun ci Farisa sun ɗauki shekaru suna buga dirhami da hoton Kisra, sai dai su ƙara bisimilla a gefe. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya kawar da hotuna: dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami a 79, rubutu zalla. Daga nan kalmar ta zauna daram a fiƙihu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san nisabin azurfa dirhami 200 ne, a fitar da 5, kuma mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami 3.

Da ayarin raƙuma da littattafan malamai sunayen dinari da dirhami suka ƙetaro Sahara. A kufan Tadmakka, kusa da Kidal a Mali, masu bincike sun tono gutattsarin tukwanen zubin tsabar zinariya a 2005, abin da ya gaskata bayanin Al-Bakri na ƙarni na 11 cewa mutanen garin suna da dinari marar hatimi. A kudu kuwa yawancin ciniki da wuri ake yi, daga shi muka samu kalmar kuɗi, ko da garin zinariya a ƙasar Akan. Kifin nan da ke jikin tsabar sefa ma siffar ma'aunin zinariyar Akan ce. Da Faransawa suka kawo tsabarsu ta azurfa mai faran 5, nauyinta giram 25, masu Julanci suka laƙa mata tsohon sunan azurfa da suka sani, dorome. Mu kuma muka ce dala, sunan da muka riga muka sani daga talar Mariya Tireza mai ɗauke da shekarar 1780. An ƙirƙiro sefa a Disamban 1945, an karya darajarta da rabi a Janairun 1994, yau dala ɗaya ko ƙullin gishiri ba ta saye, amma har gobe da ita ake lissafi.

To mu koma Ai-Kanum. Duk labarin nan an san shi ne saboda wani ya tsinci tsaba bai narkar ba, an kuma rubuta inda aka same ta. Tsabar da aka raba da wurinta ta zama kamar wasiƙar da aka yage adireshinta. Mu ma muna da namu a ƙasa. Masu haƙar zinariya a Mali da Nijar da arewacin Kodebuwa sukan ci karo da tukwane da tsofaffin ƙarafa, kuma kowa ya ji yadda aka yi ta sace gumakan Nok ana fita da su waje. A gida ma, tsohuwar dalar azurfa da ke cikin adakar kaka, sau nawa ake kai ta wurin maƙeri a mai da ita zobe?

Roƙona ɗaya ne. Idan irin wannan ya faɗo hannunka, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka rubuta wuri da rana, ka tambayi tsofaffi abin da suke kiran sa. Idan daga ƙasa aka tono shi, a sanar da gidan tarihi: akwai na Filato a nan Abijan, akwai na Bubu Hama a Yamai, akwai Gidan Makama a Kano. Kuɗin da dillali zai ba ka kafin sati sun ƙare, abin kuwa ya tafi ke nan.

Gobe idan ka shiga Kasuwar Guro mai kaya ta ce maka "mugan", ka miƙa mata dala ashirin ɗinta, ka san da kuɗin su Salukas kuka yi ciniki. Wanda kakarsa ta bar masa sombe ko tsohuwar dala, ya aiko mana da hotonta da sunanta a harshensu, za mu karanta a fili na gaba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.