Mutuwar Kifi a Tafkin Naivasha a 2010: Zargin Maganin Ƙwari da Raunin Rahotannin Jaridu

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi mutuwar kifi da aka yi a Tafkin Naivasha na ƙasar Kenya a watan Fabrairun 2010, wadda kafafen yaɗa labarai suka ɗora wa gonakin furanni. Ta hanyar nazarin binciken da aka wallafa a kan tafkin, an nuna cewa rahotannin sun cakuɗa tambayoyi biyu: abin da ya kashe kifin a lokacin, da kuma ko akwai ragowar maganin ƙwari a tafkin.

Gabatarwa

Naivasha tafki ne na ruwan daɗi, marar zurfi, a kan tudun da ya kai kusan mita 1,890. Kogunan Malewa da Gilgil ne ke zuba masa ruwa, kuma ba shi da mafita a sarari. A 1995 aka sanya shi cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A gaɓarsa ta kudu rumfunan furanni ne a jere, waɗanda ake kai amfaninsu Turai, musamman kasuwannin Holan. Da kifi ya fara tasowa matacce a watan da cinikin furanni ya fi kankama, ba a sha wahalar samun wanda za a nuna wa yatsa ba.

Alamomin da ke bambanta musabbabi

Masana kiwon kifi suna da ma'aunin da suke rarrabe guba da ƙarancin iskar oksijin. Idan guba ce, ƙananan kifi ne ke fara mutuwa, a kowane lokaci na yini, suna juyi suna makyarkyata, kuma kwaɗi da ƙwarin ruwa ba sa tsira. Duk wanda ya taɓa ganin kududdufin da aka zuba wa gamalin don kamun kifi ya san wannan kama. Idan kuwa iska ce ta yi ƙaranci, manyan kifi ke fara galabaita, a gan su da asuba sun taso saman ruwa suna buɗe baki, domin tsirran ruwa ba sa samar da oksijin da dare alhali kowace halitta tana shaƙa.

Yanayin Naivasha ya fi karkata ga na biyun. Farin 2009 ya janye ruwan tafkin ƙwarai, dabbobi suka yi ta kiwo a busasshiyar gaɓa. Da ruwan sama ya sauko, sai ya kwaso kashin dabbobi da laka da dattin gari ya zuba a ɗan ruwan da ya rage, ruɓewarsu ta cinye iskar. Njiru da abokan aikinsa, a nazarin da suka wallafa a 2015, ga ƙarancin oksijin suka jingina lamarin.

Ragowar magani

Wannan bai wanke tafkin ba. Gitahi da abokan aikinsa (2002) sun sami ragowar DDT da lindan da dildirin a jikin kifi da jatan landen tafkin, ko da yake a mizani ƙanƙani. Irin waɗannan sinadarai sukan daɗe a laka, su taru a kitsen halittu, illarsu kuma a irin wannan mizani a hankali take bayyana, a ƙwai da haihuwa, ba ta kashe kifi a dare ɗaya. Tun 1986 Kenya ta hana amfani da DDT a noma, don haka samunsa ba ya nuna wanda ya zuba shi, balle yaushe. Ƙananan manoma da ke saman kogin Malewa su ma suna feshi.

Tattaunawa

A ganinmu, kuskuren rahotannin shi ne ɗaukar kusanci a matsayin hujja: ga gona, ga mataccen kifi, shi ke nan. Labarin guba da furen da Bature ke saya ya fi daɗin bugawa a kan labarin iskar da ido ba ya gani. Sai dai masu kare gonakin su ma sun zarce. Gonakin na cikin masu jan ruwan tafkin, kuma ma'aikatan da suka jawo sun cika unguwanni irin su Karagita, inda magudanar ƙazanta ba ta wadatar ba. Ciyawar fafirus da ke tace ruwa kafin ya shiga tafkin ta ragu sosai. Ke nan gonakin na iya zama da hannu a ƙarancin iskar ko da ɗigon magani bai taɓa ruwan ba.

Akwai kuma matsalar awo. Magungunan feshi na zamani, irin su dangin oganofosfet, sukan lalace cikin kwanaki ko 'yan makonni, saboda haka ruwan da aka ɗiba a makare ba ya tabbatar da guba, ba ya kuma kore ta. Abin da ke raba gardama shi ne auna oksijin da asuba a wurare da zurfi dabam-dabam, da daskarar da kifin da ke gargara tun bai ruɓe ba, sannan a gwada sinadarin kolinestares a ƙwaƙwalwarsa, wanda irin waɗannan magunguna ke daƙilewa.